Ɗinkin Ƙarshe na Ƙwallo

Akwai wani mutum a garin Sialkot na Pakistan mai suna Shafqat, wanda ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa gindin kofin. Ɗansa Danyal da 'yar ƙanwarsa Mehwish suka nemi karatu kyauta a wata jami'ar waje. Gurbi ɗaya ne tal, kuma kowa sai ya rubuta labarin rayuwarsa.

Shafqat ya je wurin dillalin takardu ya sayo wa Danyal labari mai maiƙo: wai ya gina wa marayu makaranta a kan duwatsu. Danyal ɗin da ko gadonsa ba ya gyarawa!

Sannan ya karɓi na Mehwish. Ta rubuta yadda mahaifiyarta ke ɗinka ƙwallon ƙafa da hannu, da ɗinkin ƙarshe da ake rufewa a makance, yatsa ne kawai ke gani.

Ya kanne ido ɗaya. "Wane dillali ya yi miki wannan?"

"Ni na rubuta, Kawu."

"Ke ɗin? Faɗa min a kunne, ba mai ji."

"Wallahi ni ce."

Bai yarda ba. Har shagon dillalin ya koma ya ci kwalarsa, wai ya sayar wa yarinya a ɓoye.

Ranar ganawa ta bidiyo, Shafqat ya laɓe bayan labule. Ashe matar da ke yi musu tambayoyi daga jami'ar ta fi shi zargi.

"Danyal, ku huɗu kuka rubuto mana cewa kun gina makarantar nan bana. Faɗa min sunan maraya ɗaya."

Danyal ya waiga wajen labule. "Abba, ya sunansa?"

Da aka zo kan Mehwish, matar ta ce, "Nuna min." Yarinya ta ɗauko ƙwallo da allurai biyu, ta ɗinke bakin ƙwallon idonta na kan matar.

Gurbi ya zama nata.

Shafqat ya fito yana huci. "Na rantse akwai wanda ya koya mata!"

Ƙanwarsa, mahaifiyar Mehwish, ta ce, "Ƙwarai kuwa, Yaya. Ni ce."

Darasi: Rigar aro ba ta rufe katara. Ka rubuta abin da hannunka ya taɓa, komai ƙanƙantarsa. Ku tura wa masu neman jami'a. Na san halinku, za ku kwashe ku goge sunana, ni da na fi kowa iya ba da labari a shafin nan. Ina bayan labule, ina kallon ku.