Inuwar Rigar Alhaji Zunnuraini

Akwai wani mutum a Jibiya, Alhaji Zunnuraini, da aka naɗa wakili a majalisar bakin iyaka, inda mutanenmu da na Nijar ke zama su tsara shige da fice. Ba wanda ya zaɓe shi. Wani babba ne daga Katsina ya ɗora shi.

Kusa da shi Salmatu mai tattasai ke zama. Ita kuwa matan Magama ne suka yi layi cikin rana suka zaɓe ta.

Ran nan aka kawo maganar rufe ƙaramar ƙofa, wadda mata ke bi da kaya a ka. In an rufe ta, sai su zagaya ta hanyar manyan motoci, kafin su iso kasuwa ta watse.

Salmatu ta ce, "Alhaji, ka tambayi matan nan kuwa?"

"In tambayi wa? Su suka kawo ni? Kujerata da taki ai katako ɗaya ne."

"Katako ɗaya ne, amma ni in na tashi, ta cikinsu zan bi in tafi gida."

Ya ɗaga hannu abinsa. Da ƙuri'arsa aka yi rinjaye, aka rufe ƙofa. Kai, jama'a! Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko ƙwarya a ka ba!

Mata suka daina kawo kaya. Miya ta yi lami daga nan har Maraɗi. Da manya suka ji a tukwanensu, sai suka ce an soke naɗi, kowane wakili ya fito 'yar tinƙe, jama'a su yi layi a bayan wanda suke so.

Ranar zaɓe Alhaji ya ci babbar riga, ya tsaya ya ba jama'a baya. Yana jin takun ƙafafu, yana murmushi. Ashe wucewa suke zuwa layin Salmatu.

Da ya waiga, tsohuwa ɗaya ya gani a tsugune.

"Allah ya yi miki albarka, Inna."

"A'a, ɗan nan, kada a ƙirga da ni. Inuwar rigarka na zo sha."

Ta miƙe ta bi layin Salmatu. A zaman farko na sabuwar majalisa aka buɗe ƙofa.

Darasi: Wanda aka ɗora, sama yake kallo, wanda aka zaɓa dole ya waiga baya. Kujerar da ba jama'a suka ba ka ba, aro ce. Ku tura wa wakilinku, in ma kun san sunansa.