Jatau da Gishirin Lalle

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai suna Jatau, ɗan koli ne a bakin kasuwa. Kayansa duka-duka tabarma guda: kwalli, zare, lalle, da gishirin lalle, farin nan da mata ke sawa don lalle ya yi baƙi. Ku saurara, ke Talatu ajiye wayar nan.

Wata shekara aka kawo wani Ba'indiye ya koyar a makarantar garin, da matarsa da ɗansu, yaron bai fi wata ashirin ba. Sunan matar ya fi ƙarfin bakina, Madam muke ce mata. Ran kasuwa ta fito da yaro a kafaɗa, Hausa ko "sannu" babu, sai nuni da yatsa. Ta sayi albasa, ta sayi tattasai, yaro ya damƙi daddawa ya kai baki ya yamutse fuska, kasuwa ta kwashe da dariya. Ta zo gaban Jatau ta nuna farin nan, ya ƙulla mata, ta wuce.

Sai can gabansa ya faɗi. Hannun matar nan fes, ba lalle, kwandonta kuwa cefane ne zalla.

"Inna lillahi! Asabe, gishirin miya ta ɗauka ne!"

Asabe mai daddawa da ke kusa da shi, kun san irinsu, ta ce, "Kai ka nuna mata? Zauna kurum, ga hadari can. Ai da lalle aka san Indiyawa."

"In kuma ba lallen ba ne fa? Yaron nan zai ci."

Ya bar tabarma a shimfiɗe, ya kama gudu. Dattijo fa, da furfura! Yana tambaya, "Ina gidan Ba'indiye?" Wani ya tura shi asibiti, wani ya tura shi gidan Kwara, wani Balarabe mai shagon yadi. Ruwa ya sauko, bai tsaya ba.

Da ya samu gidan, ko sallama bai yi ba, ya faɗa har madafa. Madam ta kwance ƙullin, cokali na hannunta, tukunya na tafasa, yaro na riƙe da zanenta. Jatau ya doke cokalin. Ta ƙwalla ihu, miji ya fito ya shaƙe Jatau, ya sharara masa mari. Jatau bai rama ba, nuna yaron kawai yake yana cewa, "Guba ne, Malam! Guba ne!"

Wani tsoho mai gadin gidan ne ya fassara musu. Matar ta zauna daɓas a ƙasa ta rungume ɗanta. Mijin kuwa, in ji wanda ya gani da ido, har hawaye ya yi, yana ta riƙe hannun Jatau. Jatau ya ce, "Ba komai, Malam, laifina ne da ban tambaya ba. Yaro dai lafiya, alhamdulillahi."

Ya koma kasuwa ya tarar ruwa ya jiƙe lallensa kaf, ya zama taɓo. Asabe ta rufe daddawarta, tabarmarsa ko kallo. Allah ya yafe mata, ta dai rasu.

To kun ji. Amana ba ta ƙarewa don kaya ya bar hannunka. Baƙon da bai san garinku ba, bai san harshenku ba, a wuyanku Allah ya rataya shi. Ku da ke sayar da awara da zoɓo a ƙofar gida, in kun san abu zai cuci mai saye, ku faɗa, ko da za ku sha mari. Allah ya sa mu dace.