'Yar Tsana Marar Ƙafa

A zamanin da, can a tsibiran gabas mai nisa, an yi wani Sarki wanda ba abin da yake ƙauna kamar wasan 'yan tsana. Kowace 'yar tsana mutum uku ke riƙe ta: ɗaya ƙafafu, ɗaya hannun hagu, shugabansu kuwa kai da hannun dama. Al'adarsu ita ce mutum ya yi shekara goma a ƙafafu, goma a hagu, fuskarsa rufe da baƙin ƙyalle, kafin ya taɓa kai.

Da shugaban wasa ya rasu, Sarki ya ce a kawo magaji. Waziri ya gabatar da surukinsa Tadamasa, ya rantse cewa ya cika shekarunsa ashirin. Sai wani tsoho mai suna Genzo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata talatin da biyu a bayan ƙyalle. Sau biyu Waziri yana tsallake ni. Wannan mutumin ban taɓa jin numfashinsa kusa da ni ba."

Waziri ya yi murmushi, ya ce, "Wa ya taɓa ganin fuskarka, tsoho, balle ya shaide ka?"

Abin ya dami Sarki, domin kuwa babu mai shaida. Kwana uku bai zauna a fada ba. A na huɗu Oshizu, tsohuwar da ke ɗinka rigunan 'yan tsana, ta nemi iso, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kada ka gwada su da riƙon kai. Ba su 'yar tsana mace, ka ce su sa ta tafiya."

Aka tara fadawa, aka kawo 'yar tsana cikin doguwar rigar siliki. Tadamasa ya durƙusa, ya ɗaga gefen rigar, ya lalube ya sake lalubawa, sannan ya miƙe yana ihu, "Makirci ne! An sace ƙafafun!"

Oshizu ta ce, "Ɗan nan, ba a yi wa mace ƙafa a wasanmu. Duk wanda ya yi wata ɗaya a durƙushe ya sani."

Genzo ya zura dunƙulallun hannuwansa cikin rigar. Sai ga 'yar tsana tana taku a hankali, ta tsaya, ta durƙusa gaban Sarki, dunƙulen hannuwansa sun fito da siffar gwiwoyi ta cikin silikin.

Nan take Sarki ya tuɓe Waziri, ya kori Tadamasa daga ƙasar, ya miƙa wa Genzo kan 'yar tsana da hannunsa.

Tsohon ya karɓa, ya ɗaga ta. Amma kai yana da nauyi, kuma ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Hannu ya hau rawa, fuskar 'yar tsana ta yi ta karkarwa, har ta sunkuya ta faɗa bisa ƙirjinsa. Ya sake gwadawa har sau uku, sannan ya kwantar da ita a tabarma, ya gyara mata wuyan riga.

Sarki ya ce, "Baba, sarautar wasa taka ce har mutuwa. Faɗi abin da kake so kuma, ko mene ne."

Genzo ya dubi tafinsa, ya ce, "Hannuna na shekara goma sha biyu baya, ranka ya daɗe."

Sarki ya miƙe, ya sallami fada.