Kwalbatin da Kwamfuta Ba Ta Gani Ba

Akwai wata injiniya da abokan aikinta ke kira 'Yar Taswira. Aikinta shi ne ta ba kwamfuta hoton tudu da kwarin gari wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauko, ta faɗa mata yawan ruwan da ake tsammani, kwamfutar ta zana inda zai bi da inda zai zaizaye ƙasa.

Gab da damina, taswirar ta nuna ruwa zai taru a bayan babban titi, ya karkata ya afka wa wani layi. Aka yanke shawarar rushe gidajen layin a gina magudanar ruwa. Na uku a jere gidan Gwaggonta ne, wadda ta raine ta.

"Sa hannu, Injiniya," in ji shugaban sashen. "Masu shafa wa gidajen jan fenti na jira."

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini lokaci. Ruwan da ke gangarowa ya tsaya cak a titi kamar an yi masa katanga. Hankalina bai kwanta ba."

Abokin teburinta ya tuntsire da dariya. "Hankalinki ko na Gwaggo? Ja hanyar ruwan da linzamin kwamfuta ki kai ta gidan maƙwabta, mu ba mu gani ba."

Ta wuce wajen Gwaggo, ta same ta tana shanya.

"'Yar nan, an ce na'urarki ta ci gidana."

"Ban gama bincike ba, Gwaggo."

"To gama. In hanyar ruwa na tare, a rushe. Amma kada ki kore ni da zato, kada kuma ki cece ni da ƙarya."

Washegari ta sa takalmin roba ta shiga busasshen rafin da ruwan ke gangarowa ta cikinsa, ta bi shi da ƙafa cikin rana da ƙaya da tarin shara. Da ta isa titin, sai ga bakin kwalbati a ƙarƙashinsa, ciyawa ta lulluɓe shi. Hoton daga sama aka ɗauka. Kwalta ya gani, bai ga ramin da ke ƙasa ba. Shi ya sa kwamfutar ta ɗauki titin a matsayin bango.

Ta auna faɗin kwalbatin, ta koma ofis ta shigar da shi, ta sake lissafin. Ruwan ya ratsa ƙarƙashin titi ya yi gaba. Jan launin da ke nuna haɗari a taswirar ya janye daga layin kaf, sai wuri guda: ɗakin girkin Gwaggo, wanda ya shiga gaɓar rafin.

"Wannan ɗan ɗigon goge shi mana," in ji abokin teburin, a hankali wannan karon. "Wa zai sani?"

"Ruwa zai sani," ta ce, ta sa hannu.

Ranar da aka zo rushe ɗakin, Gwaggo ta kwashe tukwanenta da kanta. Ta ɗora wa Injiniya babbar a ka.

"Tunda ke kika ci murhuna, daga yau a gidanki zan riƙa cin abinci."

Darasi: Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka tabbatar ba, kada kuma ka lanƙwasa gaskiya domin naka. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa alƙalamin da ke iya tsayar da gida ko rushe shi.