Akawun Tagar Inshora

An ce wai a wani gari na ƙasar Katsina an yi wani tsohon alƙali, Malam Zubairu, wanda ya ajiye aiki amma mutane ba su ajiye shi ba. Duk rigimar da ta gagari dangi, zaurensa ake kai ta.

A garin akwai wani direban ƙaramar hukuma, Haladu, mutum mai gaskiya, mai zafin rai. Shekara da shekaru ana cirar kuɗin inshorar lafiya daga albashinsa, bai taɓa yin ƙorafi ba. Da ciwon ciki ya kama matarsa Gambo, likita ya ce sai an yi mata aiki da gaggawa, aka tura Haladu tagar akawun inshora a asibitin. Akawun ya ce sai kamfanin inshora ya aiko da amincewa, ya ci gaba da danna wayarsa. Haladu ya yi ta zarya, kullum a ce ya dawo. Daga baya aka gano akawun bai ma aika takardun ba. Kafin a aika, Gambo ta rasu.

Bayan shekaru, 'yarsu Shafa'atu, wadda ta yi jinyar uwar, ta gama karatu. Ta ce da mahaifinta tana son ta koyi aikin akawun inshora, wato shirya takardun marasa lafiya da bin kamfani har ya biya. Haladu ya miƙe tsaye, ya rantse da Allah in ta zauna a bayan tagar nan babu shi babu ita. Ita kuma ta daina cin abincin gidan. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kawunta ya kai su gaban Malam Zubairu.

Haladu bai jira an gama gaisawa ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutanen da suka kashe mini mata, su 'yata za ta shiga cikinsu? Aikin da ake koya wa mutum ya dubi mai kuka ya ce masa ya dawo gobe? Gara ta sayar da ƙosai a bakin titi!"

Shafa'atu ta ce cikin ɓacin rai, "Baba yana magana kamar shi kaɗai aka yi wa mutuwa. Ni na riƙe kan Inna a cinyata. Ni na ji abin da take faɗa."

"Rufe mini baki!" in ji Haladu.

Malam Zubairu ya bar su har numfashinsu ya daidaita, sannan ya ce, "Haladu, an zalunce ka, kuma wanda ya ce ka manta bai san mutuwa ba. Haƙƙin uba babba ne. In ka fita daga zauren nan kana kan bakanka, ni da kaina zan ce ta haƙura. Amma akwai abin da nake so ka taimake ni da shi tukuna. Ni tsoho ne, ina da katin inshora irin naka, watarana 'ya'yana za su tsaya a tagar nan saboda ni. Hana ta da za mu yi ba zai sa a toshe tagar ba, wani zai zauna. Kai da ka ɗanɗana, faɗa mini wane irin mutum ya kamata in roƙi Allah ya zaunar a wurin."

Haladu ya gyara zama, idonsa jajir. Ya ce, "Wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti! Wanda ya san takardar da ke hannunsa ran mutum ce. Wanda in kamfani ya yi shiru zai dame su da waya har su gaji da shi. Mai taurin kai, Malam, wanda ko manyansa sun daka masa tsawa ba zai ja da baya ba. Wanda abin yake masa ciwo a nan!" Ya bugi ƙirjinsa.

Malam ya ce, "Madalla. A garin nan kaf, wa ka sani da wannan siffa? Kira mini sunansa in aika a nemo shi."

Kawun ya dubi Shafa'atu, sauran mutane ma suka dube ta.

Malam ya ce, "Taurin kan ma kai ne shaidarsa, tunda tsawarka ba ta mayar da ita ba. Ga hukuncina. In ka hana ta, ka bar kujerar ga irin wanda ya yi maka abin da ya yi, kuma gobe matar wani ce za ta zo hannunsa. In ka bar ta, ka yi kaffarar rantsuwarka, Allah ya sauwaƙe wannan. Zaɓi naka ne."

Haladu ya ce da kakkausar murya, "Ban huce ba, Malam."

"Ban ce ka huce ba. Ka raba fushin biyu, ka ba ta rabi ta tafi da shi wurin aiki."

Haladu ya tashi ya saka takalmansa, bai yi wa kowa sallama ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Ke, taso mu je. Ki fara cin abinci tukuna."

A makon nan ya ciyar da miskinai, ya kai ta makarantar koyon aikin da kansa. An ce ta yi aikin har tsufanta, kuma ma'aikatan kamfanonin inshora in suka ji muryarta a waya sai su gyara zama.

Masu hankali suka ce: fushin da ya hana mutumin kirki shiga wurin da aka yi zalunci, gadi yake yi wa azzalumi bai sani ba.