Shanun da Mahmuda Bai Gani Ba

Mahmuda Sabitu mutumin Kurfi ne, kuma duk wanda ya yi zamani da shi a makaranta zai gaya maka ƙwaƙwalwa ce Allah ya ba shi. Aibinsa ɗaya ne: gaggawa, da ganin cewa wanda bai zauna aji ba ba shi da abin da zai koya masa. In tsoho ya fara magana, kafin ya kai tsakiya Mahmuda ya riga ya duba agogo.

A shekarar 1979 wata babbar jami'a a Turai ta buɗe tallafin karatu ga masu neman digirin digirgir, waɗanda za su yi bincike a kan matsalolin da suka shafi duniya baki ɗaya. Mutum ɗari huɗu suka nema, aka ɗauki shida. Cikin shidan nan har da ɗan Kurfi! Da wasiƙar ta iso, sai da aka karanta ta sau uku a ƙofar gidansu, mutane na ta salati. Aikinsa shi ne ya gano yadda babban farin 1973 ya taɓa makiyaya, domin ƙasashe su san irin taimakon da ya dace in fari ya sake dawowa. Sharaɗin tallafin guda ne: duk abin da zai rubuta, ya zama ya ji da kunnensa ko ya gani da idonsa.

Bayan shekara ɗaya a can, ya dawo gida da takardun tambayoyi cike da akwati. A Dutsin-Ma ya haɗu da Malam Obadiya, malamin dabbobi, wanda ya shekara goma sha biyu yana yi wa shanun yankin allura.

Malam Obadiya ya duba takardar, ya yi dariya. "Malam Mahmuda, wannan tambaya ta farko, 'Shanunka nawa?' Goge ta."

"Don me? Ai ita ce gindin binciken."

"Makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa. Ga tsoron baki, ga tunanin jangali da bai bar zukatansu ba. Ka je ka zauna, ka sha nono, ka tambayi lafiyar saniya ɗaya. Sauran zai zo da kansa."

"Wata uku gare ni, Malam, ba shekara uku ba."

Ya ari mota, ya sa kwat, ya nufi rugar Ardo Alu da ke bayan Dabawa. Da tsakar rana ya isa, lokacin da garke ya daɗe da fita kiwo. Ko gaisuwa bai gama ba ya zaro biro.

"Ardo, shanunka nawa?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi motar. "'Yan abin da Allah ya bar mana ne, yaro."

"Nawa ke nan?"

"Ga su nan kana gani."

Mahmuda ya waiga, ya ga maruƙa bakwai ɗaure a igiya. Ya rubuta bakwai. Matar Ardo, Gogo Turai, ta miƙo masa ƙwaryar nono, ya ce sauri yake yi.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "ko wuta ka zo ɗauka ai ka tsaya ta kama."

Ruga biyar ya zaga, amsar duk iri ɗaya. Ya gaji. Sauran takardu tamanin, a ɗakinsa na Kurfi ya cike su da kansa, yana sauya biro. Ya aika wa jami'a rahoto cewa fari ya cinye shanun yankin, ba abin da ya rage sai kaɗan.

Rahoton ya girgiza masu tallafin, har shugabar binciken ta ce sai ta zo ta gani. Wata dattijuwar farfesa ce, wadda ta yi shekaru a Nijar har tana jin Hausa. Ta ce a kai ta rugar Ardo Alu, tare da Malam Obadiya. Da la'asar suka isa. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta sha nono, aka yi ta gaisuwa kamar ba za a daina ba.

Can sai ƙasa ta fara amsawa. Mahmuda ya ɗaga kai. Daga gabas garke ne ke tahowa, farare da jajaye, ƙaho na haɗuwa da ƙaho, har ƙarshensu bai ganuwa.

Farfesa ba ta ko kalle shi ba. Ta nuna wata jar saniya mai tabo a goshi. "Ardo, wannan kyakkyawar ɗiyar wace ce?"

Fuskar tsohon ta washe. "Wannan Tauraruwa ce, ɗiyar Kurma. Kurma ɗiyar 'Yar Tasawa ce, wadda mahaifina ya samo a arewa shekarar fara. A farin nan da kuke tambaya, zuriyar 'Yar Tasawa ko ɗaya ba ta faɗi ba, don suna cin ganye, suna jure kwana biyu ba ruwa. Amma zuriyar saniyata Mai Hawaye, su goma sha ɗaya muka rasa tsakanin nan da Maradi."

Ya kira suna, wata saniya ta bar garke ta zo ta tsaya gabansa. Ya sake kira, wata ta taho. Ya yi ta jero su, uwa da kaka da kakar kaka, wadda ta mutu da rijiyar da ta mutu kusa da ita, da kasuwar da aka sayar da wasu don a ceci wasu, da ranar da aka hana su ƙetare iyaka. Gogo Turai tana gyara masa in ya zame: "A'a, Ardo, ba Kurma ba ce, ƙanwarta ce." Har rana ta yi ja bai maimaita suna ba.

Mahmuda ya zauna yana saurare. Ya shiga manyan ɗakunan karatu na Turai, bai taɓa ganin tarihi mai tsari irin wannan ba. Duk abin da duniya ta aiko shi nema yana nan a kan wannan tsoho, kuma ya taɓa tsayawa gabansa minti goma ya juya.

A hanyar komawa farfesa ta ce a hankali, "Mahmuda, sauran rugage tamanin ɗin, wace za mu je gobe?"

Suka isa Dutsin-Ma. Sannan ya ce, "Babu su, ranki ya daɗe."

Kafin watan ya ƙare aka soke tallafin, aka ba wani gurbinsa. Mahmuda bai koma Turai ba. Ya kama aikin akawu a ofishin ƙaramar hukuma, kuma har ya yi furfura babu wanda ya kira shi Dakta.

Darasin da ke nan, musamman gare mu matasa da muka yi karatun zamani, shi ne: ilimi ba a takarda kaɗai yake ba, kuma mutane ba sa buɗe wa mai gaggawa abin da suka sani. Wanda ya raina su zai koma hannu wofi, daga nan kuma sai ya fara ƙirƙira. In an ba ka amanar bincike, ka zauna, ka gaisa, ka saurara, ka rubuta abin da ka gani kawai, ko da kaɗan ne.