Abin da Duna Ya Haɗiye

Dalilin da ya sa maciji ba ya tauna abinci, sai dai ya haɗiye shi ɗungurungum, sannan ya kwanta shiru kwana da kwanaki bai ƙara kai komai baki ba, ku matso ku ji, yara. Da can ba haka yake ba. A hankali yake ci, kaɗan-kaɗan, yana taunawa kamar akuya, safe da yamma.

A wancan zamani akwai wani gardi mai wasa da macizai, sunansa Korau. Macizansa biyu ne, wa da ƙane, a rami ɗaya ya tsinto su. Babban shi ne Duna. Ƙaramin ana ce masa Shuni, don idan rana ta taɓa baƙin jikinsa sai ya yi wani shuɗi-shuɗi, kamar rigar da aka fito da ita daga bugu. Kowanne da tukunyarsa a ɗakin baya, an rufe da faifai. Korau kuwa yana da doka guda wadda ba ya wasa da ita: ba a ciyar da su a tukunya ɗaya.

Duk jajiberin kasuwa sai ya fito da su tsakar gida, ya miƙar da su a ƙasa, ya gwada tsawonsu da igiyar rama, ya yi ƙulli inda wutsiyar kowanne ta tsaya. Wanda ya fi tsawo shi ke zuwa kasuwa a wuyansa. Ɗayan ya yini a tukunya.

Duna ne ke zuwa tun farko. Ya saba da ɗumin wuyan Korau, da kiɗa, da yara masu gudu suna waiwaye. Sai wata damina Shuni ya kama miƙewa. Ran nan Korau ya gwada, ya sake gwadawa, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Tabawa, zo ki gani! Ƙaramin ya wuce wansa."

Tabawa ta leƙo da muciya a hannu. "Ai na faɗa maka. Wancan ci kawai ya iya, ba ya tsawo sai faɗi. Kamar wani da na sani."

"Ke dai je ki, tuwonki na ƙonewa."

Suka yi dariya. Duna yana kwance a ƙasa yana kallon ƙullin nan biyu. Tsakaninsu bai kai ɗan yatsa ba, amma shi ya gan shi kamar faɗin kogi.

Washegari aka tafi da Shuni. Da yamma, da aka mayar da shi tukunyarsa, sai ya matso jikin bangonta.

"Yaya, kana ji na? Yau wata mai fura ta gan ni ta saki ƙwarya, nono har gemun mai kiɗa!"

Duna ya ƙara nannaɗewa a tukunyarsa.

"Yaya, barci kake?"

"Me suke ba ka?" in ji Duna.

"Ɓera mana. Irin naka."

"Ƙarya kake."

"Wallahi, Yaya."

Daga ranar Duna ya bar jin daɗin abincinsa. Sai ya kasa kunne lokacin da Tabawa ke rabo. Idan nasa ya faɗo, ya ji tik. Idan na Shuni ya faɗa, sai ya ji tim. Kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ƙullin Shuni yana ta yin gaba, shi kuwa zuciyarsa tana cinsa a cikin duhu.

Wata rana da hantsi Korau ya tafi daji neman saiwoyi. Duna ya ture faifansa, ya sulale, ya cusa kai tukunyar ƙanensa don ya gani da idonsa. Faifan ya koma ya rufe su.

"Yaya!" Shuni ya nannaɗe shi don murna. "Rabon da in ji jikinka a nawa tun muna rami. Kai, ka rame."

Suna nan sai ga takun Tabawa. Ta ɗaga gefen faifan ba ta duba ba, ta jefa ɓera, ta wuce. Duna ya dube shi. Irin nasa ne, ko ma bai kai nasa ba. Da ya tsaya nan, yara, da ba ni da labarin ba ku.

Sai Shuni ya ce, "Ɗauki wajen kan, Yaya, ya fi tsoka. Ni wutsiya ta ishe ni."

"Sadaka za ka ba ni?"

Shuni kuwa ya riga ya kama wutsiya yana taunawa. Duna ya cafki kan, ya ce a ransa ko gashi ɗaya ba zai bar masa ba. Taunawa za ta ɓata masa lokaci, don haka ya wangale baki ya haɗiya, ya sake haɗiya. Haƙoran Shuni sun nutse a nama, ba halin saki, ba halin magana. Duna ya ji hancin ƙanensa ya taɓa leɓensa. Ya ga idanunsa dab da nasa, suna kallonsa, babu tsoro a cikinsu, sai mamaki. A nan ƙullin igiyar ya faɗo masa a rai. Ya ƙara haɗiya ɗaya.

Bayan wannan maƙogwaro ya ƙi komawa baya. Ya yi kakari, ya bugi tukunya, a banza. Abin da ya shiga sai gaba yake yi, har ƙarshen wutsiyar nan mai shuɗi ya ɓace.

Da Korau ya dawo ya tarar da tukunya ɗaya wayam. Ya buɗe ɗayar, ya daɗe yana kallo.

"Tabawa," ya ce a hankali, "ina Shuni?"

Ta zo ta leƙa, ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Maigida, ban duba ba."

Bai yi mata faɗa ba, bai taɓa Duna ba. Ya zauna a bakin ƙofa har inuwa ta juya.

Duna kuwa ya kwanta, ya ƙi motsi, yana tsoron kada ya ji wa na cikinsa ciwo. Da fari yana jin ɗan motsi, sai ya riƙa kira, "Shuni? Shuni?" Daga baya motsin ya tsaya. Aka jefa masa ɓera, bai kalla ba. Aka kawo ƙwai, ya ruɓe a gefensa. Da yunwa ta tashe shi bayan lokaci mai tsawo, ya gwada taunawa, ashe muƙamuƙinsa ya saki, sai haɗiya. Kuma duk sa'ad da abu ya sauka cikinsa, sai ya tuna, ya kwanta yana saurare.

Ya yi girma, ya yi tsawo. Ranar da ya wuce ƙullin Shuni, Korau bai kira Tabawa ba, ya naɗe igiyar ya soke ta a rufin ɗaki. Aka je kasuwa da Duna a wuya, aka yi kiɗa, yara suka gudu suna waiwaye. Da yamma ya matso jikin bangon tukunyarsa zai ba da labari. Tukunyar kusa da shi, Tabawa ta riga ta zuba gero a ciki.

Shi ya sa har yau gardawa ba sa ciyar da macizai biyu wuri ɗaya, kuma maciji idan ya haɗiye abu sai ya miƙe shiru, ba ci ba motsi. In kun gan shi haka a gindin kargo, kada ku jefe shi. Jira yake ko zai ji an ce masa Yaya.